Tambaya da Amsa: Farin hayaƙi da karkarwar injin gas da asuba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a Bauchi, ina jigilar fasinja zuwa Toro da Tilden Fulani da Hiace mai shan gas, wato dizal, mai injin 5L. Tun shigowar hunturu, idan na zo tayar da ita bayan sallar asuba sai ta daɗe tana kik kafin ta kama, idan ta kama kuma sai ta riƙa karkarwa tana tuttuɗo farin hayaƙi mai yaji a ido. Bayan minti biyu ko uku sai ta daidaita, ta wuni lafiya lau. Bakanikena ya ce sai an sauke inji. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar amincewa a sauke injin nan, domin motar da take daidaita bayan minti uku, ta kuma hau tudun hanyar Jos da cikakken lodi ba tare da gazawa ba, da wuya a ce cikinta ne ya ƙare.

Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda, a irin injinka ya mayar da ita kusan kashi ɗaya cikin 22 na girmanta, har ta yi zafin da man zai kama da kansa da zarar nozul ya fesa shi. Da asubar Disamba da Janairu ƙarfen injin ya kwana cikin sanyi, saboda haka yana shanye zafin nan kafin ya yi amfani. Man da aka fesa bai ƙone ba sai ya fito ta salansa a matsayin farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, shi ne yake sa maka hawaye. Karkarwar kuwa tana nufin cikin silinda huɗu akwai ɗaya ko biyu da ba su kama ba, sauran ne suke jan su har ɗumi ya game.

Wanda na fi zargi shi ne hita, wato ƙananan sandunan nan huɗu da ke yin ja-wur a kan injin idan ka murɗa makulli. Lokacin zafi ko biyu sun mutu ba za ka sani ba, sai hunturu ya zo ya tona asiri. Fitilar da ke kunnuwa a gabanka ba shaida ba ce cewa suna aiki, tana iya kunnuwa ta mutu alhali babu wadda ta yi zafi. Gobe da asuba ka murɗa makulli ka jira fitilar ta mutu, ka kashe, ka sake, har sau uku, sannan ka yi kik. Idan ka ga sauƙi, to, an kama bakin zaren. Sai ka je wurin mai gyaran waya ya cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, ya maƙala fitilar gwaji a kan fositif na batir, ya taɓa kan kowace hita da ɗaya bakin: wadda fitilar ba ta kunnu a kanta ba ta mutu. Mai mita zai ga lafiyayyar tana nuna kusan om 1. Ya duba fiyus da rile ma, wato makunnin da ke sakar wa hitocin wuta, domin wani lokaci hitocin lafiyarsu ƙalau, wuta ce ba ta isa gare su. In za a canza, a canza huɗun gaba ɗaya, kuma a kwance su injin yana da ɗumi, da lallami, saboda wadda ta karye a ciki takan jawo a ɗaga kan injin da ake gudun taɓawa.

Na biyu shi ne iska a hanyar mai. Roba ta tsufa ta tsage, ko bakin filta bai zauna daidai ba, sai man ya sulale ya koma tanki cikin dare, iska ta maye gurbinsa, kuma ba lallai ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. A saman filtar gas akwai ɗan famfon hannu. Kafin ka yi kik, ka danna shi har ya yi tauri. Idan ka tarar da shi laushi sai da ka danna sau da yawa, kuma motar ta tashi ba gardama bayan haka, ka san iska ce. Tun da kana wurin, ka sassauta makunnin da ke ƙasan filtar ka tari abin da zai fito a cikin tsabtatacciyar kwalba, ka ajiye ta minti kaɗan. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Wanda ke sayen mai a jarka a bakin hanya ya fi kowa gamuwa da wannan, har da gas ɗin da aka gauraya da kananzir, wanda ke cinye famfon da ke tura mai zuwa nozul a hankali. Zancen da wasu ke yi cewa man ne yake daskarewa kuwa, sanyin Bauchi bai kai can ba, wannan matsalar ƙasashen ƙanƙara ce.

Batir mai rauni ma yana da hannu, domin injin da ke juyawa a sanyaye ba ya matse iska da saurin da za ta yi zafi.

Sai an wanke waɗannan daga zargi ake zuwa ga nozul, a cire su a kai wurin masu gyaran famfo su gwada feshinsu, domin wanda ke ɗigo maimakon feshi yakan haifar da irin wannan hayaƙi. Bayansa a auna matsin kowace silinda da ma'auni. Bakaniken da ya ce a sauke inji bai auna matsi ba, ƙiyasi ya yi, kuma aljihunka ne zai biya kuɗin ƙiyasin.

Akwai inda zan goyi bayansa. Idan farin hayaƙin ya ƙi tsayawa bayan injin ya yi zafi, ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ko ka ga kumfa tana tasowa a bakin lagireton, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, to gasket ɗin kan inji ne, kuma kowace tafiya Toro ƙara ɓarna ce. Ka duba lagireton ne kawai lokacin da injin yake da sanyi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin baƙin mai yana nuna ringi ko robobin bawul sun ci, baƙin hayaƙi kuma, musamman a wannan lokaci, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe filtar iska.

Wata ɗabi'a da nake gani a tashoshi kuma ina roƙonka ka guje mata ita ce tsoma tsumma a fetur a kara a bakin shigar iska, ko a fesa maganin sauro. Motar za ta tashi, amma fetur yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, balle ya haɗu da hita mai zafi, kuma dukan da ke biyo baya yana fasa ringi. Haka nan kada ka danne totur da zarar ta kama don ka kore hayaƙin. Ka bar ta a sulo kamar minti biyu baƙin mai ya zagaya, sannan ka fita a hankali har allurar zafi ta fara motsi.