Ambaliya ta ci gidana a kan dutse, wa zan kai ƙara?

Wani ɗan'uwa mazaunin yammacin jihar Karolina ta Arewa a Amurka ya aiko da tambaya. Guguwar Helene ta watan Satumban 2024 ta lalata masa gida, ta kuma tafi da 'yar gadar da shi da maƙwabtansa ke bi zuwa babban titi. Kamfanin inshora ya ce ba zai biya ba, kuɗin da FEMA, hukumar agajin bala'i ta gwamnatin tarayya, ta ba shi ko rufi ba za su yi ba, sannan yana zargin maƙwabcinsa na sama da barin kwalbati ya toshe har ruwan ya karkato kansa. So yake ya maka su ukun a kotu.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, tunda takardunka ba sa gabana, kuma kalma guda a cikin yarjejeniya tana iya sauya amsar. Amma dole in fara da inda ka ɗauki abin ba daidai ba. Ka rubuta cewa tunda gwamnati ta ayyana yankinku a matsayin inda bala'i ya afka, wajibi ne ta mayar maka da gidanka. Doka ba ta ce haka ba. Abin da FEMA ke bayarwa tallafi ne don gida ya zaunu, ba diyyar asara ba ce. A lokacin Helene, iyakar abin da take ba iyali ɗaya na gyaran muhalli dala 42,500 ne, kuma mafi yawan mutane ba sa kai wannan iyakar. Dokar Stafford, wadda ita ce tushen tallafin, ta kare gwamnatin tarayya daga ƙara a kan shawarwarin da aka bar wa jami'anta su yanke. Saboda haka ƙarar neman a ƙara maka kuɗi da wuya ta wuce zaman farko.

Ƙofar da ke buɗe ita ce neman hukumar ta sake duba shawararta, cikin kwana 60 daga ranar da ke kan wasiƙarta. In wa'adin ya wuce, a rubuta duk da haka tare da dalilin jinkiri. Wani lokaci ana karɓa, amma ba zan yi maka alkawari ba. Hotuna, rasitai da ƙiyasin magini da za ka haɗa da buƙatar, waɗannan ka san su.

Batun inshora ya fi ciwo, don kana ganin shekara da shekaru kana biya. Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta ɗaukar ɓarnar ambaliya, kuma galibi ba ta ɗaukar zaftarewar ƙasa. Ambaliya tana da nata inshorar daban, yawanci ta shirin tarayya na NFIP, kuma mutanen kan duwatsu kaɗan ƙwarai ne suka saya, don wa ya yi tsammanin ruwa zai hau har can? Ko wanda ya saya ma bai tsira daga gardama ba: shirin yana biyan kwararar laka da ruwa ya ɗebo, amma ba ya biyan gefen dutse da ya tsage ya sulalo. Mai gida yana ganin taɓo ɗaya ne ya cika masa ɗaki, takarda kuwa ta raba su biyu.

Duk da haka kada ka karɓi “ba za mu biya ba” a dunƙule. In iska ce ta yaye rufin, ko bishiya ta faɗo a kai kafin ruwa ya shigo, wannan ɓangaren yana iya shiga inshorarka. Wasu kamfanonin suna da ɗabi'ar rubuta ambaliya a kan komai su rufe fayil, kuma wannan ba aiki ba ne. Ka nemi su ba ka dalilin ƙin biya a rubuce, da sashen yarjejeniyar da suka dogara da shi. Ma'aikatar kula da inshora ta jihar tana karɓar koke, kuma jihar tana da tsarin shiga tsakani kan irin wannan saɓani bayan bala'i. Ka tambaye su ko naka ya cancanta kafin ka yi tunanin kotu.

Sai maƙwabci. Tun hukuncin kotun ƙolin jihar na 1977, ma'aunin shi ne ko mai fili ya yi amfani da filinsa yadda hankali zai ɗauka wajen sarrafa ruwan sama. Ke nan ba don ruwa ya gangaro daga wajensa ne zai zama mai laifi ba. Ruwa dama gangara yake yi. Sai ka nuna cewa sakacinsa ne ya jawo ɓarnar, kuma da kwalbatin a buɗe yake da gidanka ya tsira. A nan ne nake jin tsoro. Ruwan da ya yanke babbar hanyar I-40 a kwazazzabon kogin Pigeon, ya bar birnin Asheville sama da kwana 50 ba ruwan famfo mai shawuwa, lauyan maƙwabcinka zai ce babu kwalbatin da zai iya da shi, kuma alƙali zai saurare shi. Za ka buƙaci injiniya ya ba da shaida, shi kuma ba kyauta yake zuwa ba. Ƙari a kan haka, jiharku tana cikin 'yan ƙalilan da in aka same ka da naka sakacin, ko ɗan kaɗan, kana iya tashi a tutar babu a ƙarar sakaci. Wa'adin shigar da irin wannan ƙara a yawancin lokuta shekara 3 ne, ka riƙe wannan a ranka, amma kada ka ɗauke shi a matsayin gayyata.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, alhali shi ya fi tsare ka: gadar. Hanya mai zaman kanta ba ta gwamnati ba ce, gyaranta yana wuyan masu bin ta, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ƙauyukan kan dutse ke jan ƙafa wajen farfaɗowa, don motar kayan gini ba ta da inda za ta bi. Jihar ta buɗe shirin taimakon gyaran irin waɗannan hanyoyi da gadoji, amma aiki a kan filin mutane da yawa yana son yardarsu. Mutumin da kake shirin kaiwa kotu, gobe za ka nemi sa hannunsa. Ka duba takardar mallakar filinka ko akwai yarjejeniyar kula da hanya. In babu, ku zauna da mai shiga tsakani ku rubuta ɗaya, a sa gyaran kwalbatin a ciki da wanda zai riƙa share shi.

Bashin gidan kuma yana nan ko da gidan ya rushe, don haka ka nemi banki ya ɗaga maka ƙafa a rubuce, kada ka daina biya kawai. Kafin ka sa hannu a kowace takardar sulhu, ka kai ta wa lauya mai lasisin aiki a jihar. Ƙungiyar Legal Aid of North Carolina tana duba irin waɗannan kyauta ga wanda ya cika sharuɗɗanta.