Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Harden Bai Shiga Biyar na Farko Ba a Oklahoma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da abokaina muna bin gasar ƙwallon kwando ta NBA ta Amurka, duk da cewa yawancin wasannin a tsakar dare suke riskarmu. Gardama ta kaure a majalisarmu kan ƙungiyar Oklahoma City Thunder ta shekarar 2012. Ni na ce kocinsu, Scott Brooks, shi ya jawo musu asarar kofi, domin ya zaunar da James Harden a benci yana fara wasa da Thabo Sefolosha, wanda ba ya cin maki. Abokina ya ce ban fahimci wasan ba. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, ko da yake Brooks bai fita fes daga zargi ba.

A ƙwallon kwando canjin 'yan wasa ba shi da iyaka, wanda aka fitar yana iya komawa fili, saboda haka zaman benci a farkon wasa ba ya nufin abin da yake nufi a ƙwallon ƙafa. A waccan kakar Harden yana buga kimanin minti 31 cikin 48 na kowane wasa, Sefolosha kuwa kimanin 22, kuma idan wasa ya yi zafi a zangon ƙarshe, galibi Harden ne ake gani a fili. Yana cin maki 16.8 a matsakaici, har aka ba shi kyautar gwarzon 'yan benci ta shekarar.

Abin da magoya baya suke yawan mantawa shi ne ƙwallon guda ɗaya ce, kuma daƙiƙa 24 kacal ƙungiya take da su kafin ta jefa. Biyar na farkon Thunder, wato 'yan wasa biyar da ake fara wasa da su, sun riga sun ƙunshi Kevin Durant, wanda ya fi kowa cin maki a gasar da 28 a kowane wasa, da Russell Westbrook mai cin sama da 23. Dukansu biyu sai ƙwallo tana hannunsu suke amfani, haka shi ma Harden. Da an jera su ukun tun daga farko, da ɗayansu ya koma ɗan kallo a gefen fili, sannan idan lokacin hutunsu ya yi a rasa wanda zai riƙe ragamar 'yan benci.

Sefolosha kuwa aikin tsaro aka ɗauke shi, kuma ya nuna ranarsa a karawar kusa da ƙarshe da suka yi da San Antonio Spurs, inda wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke haye wa. Spurs sun zo wasa na uku da nasara ashirin a jere, biyu daga ciki a kan Thunder ɗin. Sai Brooks ya ɗora Sefolosha a kan Tony Parker, mai rarraba ƙwallon Spurs, ya manne masa kamar kaska, ya ƙwace ƙwallo sau shida a daren, ya kuma ci maki 19. Daga nan Thunder ta ci wasa huɗu a jere ta haye zuwa zagayen ƙarshe.

Inda na ga laifin Brooks shi ne kan Kendrick Perkins, ɗan wasan tsakiya na Thunder. A wasannin ƙarshe Miami Heat, wadda ta doke Thunder ta ɗauki kofin, ta fito da 'yan wasa masu zafin nama, ta mayar da Chris Bosh tsakiya, ta bar Shane Battier yana jifa daga nesa, inda ya ci maki 17 a kowanne daga wasanni biyun farko. Perkins ƙato ne mai nauyin jiki, amfaninsa kokawa a ƙarƙashin kwando, ga shi babu ƙaton da zai yi kokawar da shi. A wasa na biyu kafin Thunder ta farga an yi mata 18 da 2, amma Brooks ya ci gaba da fara wasa da shi har aka ƙare. Shekara uku bayan haka, Steve Kerr, kocin Golden State, ya tsinci kansa a baya da wasa 2 da 1 a wasannin ƙarshe, ya cire dogonsa Andrew Bogut ya sa Andre Iguodala, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, suka ci uku a jere suka ɗauki kofi.

Shi kansa gwaninka Harden, a wasa na uku da na huɗu da Miami, jifa goma-goma ya yi, biyu-biyu kaɗai suka shiga, alhali an ba shi lokaci isasshe. Hujjarka mafi ƙarfi ta zo ne daga baya: da aka yi musayarsa zuwa Houston a watan Oktoba na 2012, ya ci maki 37 a wasansa na farko, ya kuma zama gwarzon gasar baki ɗaya a 2018. Sai dai a Houston ƙwallon tasa ce shi kaɗai, babu Durant, babu Westbrook a lokacin.