Sai da tsoffin kaya ake samun sautin The Strokes?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne muke kiɗan rok, muna son sauti irin na The Strokes. Wani dillali ya ce sirrinsu tsoffin kayan kiɗa ne, ya nuna mini amfilifaya mai kwalabe ɗan gwanjo daga Amurka, wanda sai na sayar da babur ɗina zan iya saye. Hankalina bai kwanta ba. Yaya mutanen nan suka tashi, kuma gaskiya ya faɗa mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar babur ɗinka inda yake.

The Strokes samari biyar ne da suka kafa ƙungiyarsu a New York a ƙarshen shekarun 1990. Julian Casablancas ne mai rera waƙa, Nick Valensi da Albert Hammond Jr. suna jita, Nikolai Fraiture yana bes, Fabrizio Moretti yana ganguna. Sun daɗe suna atisaye cikin dare, suna wasa a ƙananan wurare irin Mercury Lounge, har mai tsara wasanni a wurin, Ryan Gentles, ya bar aikinsa ya zama manajansu. Waƙoƙi uku kacal suka ɗauka, aka aika wa kamfanin fitar da waƙoƙi na Rough Trade a Landan, ya fitar da su a Janairun 2001. Mujallar NME ta yi ta kururuta su, manyan kamfanoni suka shiga rububi, RCA ya yi nasara. Kundinsu na farko, Is This It, ya kai na 2 a Birtaniya a shekarar. Kada kuma a ɓoye maka, wasunsu 'ya'yan masu hali ne, ba su da fargabar kuɗin haya.

To, ga abin da dillalinka bai faɗa ba. A kwamfuta aka ɗauki wannan kundin, a wani sutudiyo na ƙarƙashin ƙasa, Transporterraum, hannun furodusa Gordon Raphael. Makirufo uku aka sa wa ganguna. Muryar Casablancas mai ƙaiƙayin nan kuwa ta wani ɗan ƙaramin amfilifaya na atisaye, Peavey, aka bi da ita. Kafin nan sun gwada aiki da wani furodusa, Gil Norton, suka watsar saboda sautin ya yi tsafta da yawa. Abin da kunnenka ke ji kamar na 1970 shi ne mutum biyar suna kiɗa lokaci guda a ɗaki ɗaya, jita biyu kowace da layinta, ba mai taka wa wata ƙafa.

Wannan jita-jita ta "tsohon kaya" ta gundure ni, don ba aljihu kaɗai take ci ba. Amfilifayan Amurka bolt 120 yake sha, wutarmu 230 ce. Ka jona shi kai tsaye, taransifomarsa na iya ƙonewa. Kafasitocinsa, wato 'yan na'urorin da ke adana wuta a cikinsa, sun shekara arba'in ko hamsin, sun bushe, shi ya sa za ka ji yana gurnani ko ba ka taɓa jita ba. Su ɗin nan suna riƙe bolt 400 zuwa sama ko bayan an zare filogi, amma sai ka ga yaro ya kwance bayan amfilifayan ya zura yatsa wai zai duba. Da yawansu kuma filoginsu ƙafa biyu ne, babu wayar ƙasa. Igiyoyin jita a haɗe suke da jikin ƙarfen amfilifaya, hannunka na kansu, leɓenka ya taɓa makirufo, wuta ta bi ta ƙirjinka. Rashin wayar ƙasa ne ya kashe wani makaɗin jita, Leslie Harvey, a kan dandamali a Swansea a 1972. Dillalin ya gaya maka haka? Shi dai ya karɓi la'adarsa ya ƙara gaba.

In har kun nace, sai da taransifomar rage wuta wadda ta fi ƙarfin amfilifayan, kuma ƙwararren mai gyara ya canza kafasitoci ya sa filogi mai ƙafa uku kafin a kunna. Ni dai shawarata, ku yi da abin da ke hannunku. Makirufo ɗaya sama da ganguna, ɗaya gaban babbar ganga, ɗaya a kusurwar ɗaki. Ku rage murɗa ƙarar jita har ta dagule, ku cire amsa-kuwwa daga murya, ku ɗauka tare. In mai ganga yana gudu yana barin mai bes a baya, ku koma atisaye wata guda kafin ku biya kuɗin sutudiyo.