Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske da guba ake yin rigunan ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ina sayar da jesi da wandunan motsa jiki a Kantin Kwari, kwanaki wani kwastomana yake ce min wai kayan nan da guba ake yin su har kamfanonin suna kashe koguna a China. Kuma gaskiya in na kwance sabuwar dila akwai wani wari da yake tashi har ya hau min kai. Shin maganar gaskiya ce, kuma kar dai a ce ina cutar da bayin Allah ban sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya sa wa kasuwa albarka. Maganar kwastomanka tana da tushe, amma ka kwantar da hankalinka, mai saka rigar ba shi ne ya fi shan wahalar ba, waɗanda ke zaune a bakin kogin da masana'antar ke zubar da ruwanta su ne abin ya fi shafa.

Yadin jesi yawanci foliyesta ne, daga man fetur ake samo shi, kuma kafin ya zama ja ko shuɗin da samari ke rububi sai an wanke shi an rina an sake wankewa, duk da ruwa mai yawan gaske da sinadarai, to wannan ruwan in kamfani bai tace shi ba kogi yake nufa kai tsaye. A shekarar 2011 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta ɗebi ruwan da ke fita daga bututun wasu masana'antu biyu a China, ɗaya a Ningbo ɗaya a Zhongshan, ta samu sinadarin nonylphenol da kuma PFC a ciki, kuma masu masana'antun suna hulɗar kasuwanci da manyan kamfanoni irin su Nike da Adidas da Puma. Wasunsu sun ce su ɗinki kawai ake musu a can ba rini ba, amma dai a shekarar duka ukun suka yi alƙawarin daina zubar da sinadarai masu haɗari kafin 2020.

Shi nonylphenol ɗin nan daga wani irin sabulun wanke yadi yake fitowa, in ya shiga ruwa sai ya riƙa kwaikwayon sinadarin halittar mace a jikin kifi ya rikita masa haihuwa. PFC kuma shi ake shafa wa jaket da takalmi don kar ruwa ya ratsa su, matsalarsa ba ya ruɓewa, shekara da shekaru yana nan a ruwa da cikin jinin mutum. Ƙungiyar Greenpeace ɗin ta kuma sayi tufafi 78 a ƙasashe daban-daban ta gwada, 52 suna ɗauke da ragowar wancan sabulun. Tarayyar Turai tun 2021 ta hana shigo da yadin da ya wuce ƙa'ida da shi. Jesin da muka fi saye kuwa kwafi ne, kai ma ka sani, su ba wanda ya yi wa duniya alƙawarin komai a madadinsu.

Kuma ba China kaɗai ba. A Tiruppur ta Indiya sai da kotu ta rufe marina wajen 700 a 2011 saboda sun lalata kogin Noyyal manoma sun rasa gonaki. Wallahi abin da ya fi damuna ma shi ne ba sai mun je nesa ba, duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa a Kano ya san warin ruwan majemu, baƙi ƙirin da kumfa a kai, akwai sinadarin kromiyom da ake jima da shi a ciki, na Bompai kuma ya bi ta rafin Getsi ya haɗe da Jakara ya gangara dam ɗin Wasai, kuma da ruwan nan ake ban-ruwan latas da alayyahu da kabeji da muke saye mu kai wa iyalinmu. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli tana nan tun 2007, aikinta ke nan, ya kamata masu unguwanni da limamai su riƙa kai ƙorafi a rubuce ba sau ɗaya ba.

Game da warin dila, ka riƙa kwance ta a waje inda iska ke kaɗawa ka bar kayan su sha iska kafin ka jera, kar ka kwance a cikin rufaffen shago. Ka gaya wa masu saye su wanke kafin sakawar farko musamman na yara da masu ƙaiƙayin fata, wanda kuma ka ga yana zuba har ya ɓata hannu ka daina ɗaukowa.

Tambaya: Malam ni ina rinin shadda a gida a Zariya, ruwan rinin a kwata nake zubarwa, akwai laifi?

Amsa: Hajiya akwai, don rinin kanti da sodar da kike haɗawa ba ɗaya suke da baba da toka da kanwa na marinar Ƙofar Mata ba, sodar tana ƙona fata kuma kwatar nan yara na wasa a ciki awaki na sha. Ki ajiye ruwan a durom ya kwanta, ki yi nesa da rijiya da shi ko taki ce ko ta maƙwabta, ki haɗa aiki da yawa a tukunya ɗaya don ruwan ya ragu, sannan don Allah ki riƙa saka safar roba da takunkumi lokacin haɗi, kuma tukunyar rini kar ta koma kicin.