Muryar Kawu daga Kanada kan maganar aikin awa ɗaya

Assalamu alaikum mutanen gida, ina wuninku, mu nan safiya ce. Na ga saƙon ɗan wajen Yaya tun daren jiya, da labarin da ya turo cewa ma'aikacin Kanada ba ya fitar da abin da na Amurka ke fitarwa a awa ɗaya. Yana tambaya wai mutanen nan ragwaye ne, ko kuwa baƙin da suka cika ƙasar ne suka ja ta baya, don malaminsu na tattalin arziki ya ba su aiki a kai. To ɗana, rubutu zai yi yawa, bari in yi maka murya. Wanda bai da data ya yi haƙuri.

Labarin dai gaskiya ne. A watan Maris na 2024, mataimakiyar gwamnan Babban Bankin Kanada, Carolyn Rogers, ta yi jawabi a Halifax, ta ce abin ya kai matsayin gaggawa. Ka san akwatin nan na ƙararrawar gobara da ake rubuta wa in ta ɓaci a fasa gilashin? Ta ce to lokacin fasawa ya yi. Mutanen babban banki kuwa ba su saba magana da zafi haka ba, shi ya sa jaridu suka ɗauka. Lissafin da ta kawo shi ne, a 1984 awa ɗaya ta aiki a Kanada tana samar da kashi 88 cikin 100 na abin da awa ɗaya ke samarwa a Amurka. Zuwa 2022 ya koma kashi 71. A cikin ƙasashen G7, wato ƙungiyar ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki, Italiya ce kaɗai ta fi Kanada zamewa in an gwada da Amurka.

Yadda ake awon kuma ba wani tsafi. Hukumar ƙididdigarsu, Statistics Canada, duk wata uku tana ɗaukar darajar abin da kamfanoni da 'yan kasuwa suka samar, ta cire tasirin hauhawar farashi, ta raba da yawan awannin da aka yi aiki. Ban da ma'aikatan gwamnati a ciki. To ka ga babu inda aka auna gumi. Ɗauki tela biyu, ɗaya da keken ƙafa, ɗaya da na wuta mai yin aiki da saƙa. Su zauna daga safe har la'asar, na keken ƙafa ya fi gajiya, amma ƙirga rigunan ka gani. Maganar ragwanci ka ajiye ta. Mutumin da ke fita ya kankare ƙanƙara daga gilashin mota da asuba cikin sanyin da ya wuce ashirin ƙasa da sifili don ya isa wurin aiki kan lokaci, ba ka ce masa rago ba.

Kafin in shiga dalilai, ka yi hankali da shekarar 2020 in kana zana jadawali. Za ka ga layin ya yi tsalle sama kamar an samu wata sabuwar dabara. Korona ce. An rufe gidajen abinci da otal-otal da shaguna, su ne wuraren da awa ɗaya ba ta kawo kuɗi sosai, aka bar ma'aikatan banki da na man fetur da masu aiki da kwamfuta daga gida. Da aka cire na ƙasa sai matsakaicin ya tashi. Da aka buɗe gari suka dawo, layin ya yi ta gangarowa wata uku bayan wata uku, har ya koma kusan inda yake kafin annobar. Amurka kuwa bayan nata tsallen ta ci gaba da hawa. A nan ne hankalin mutane ya tashi.

Ni a ganina babban dalili shi ne kamfanonin nan ba sa sayen kayan aiki. Bari in ba ka abin da idona ya gani. Na yi aiki a wata ƙaramar masana'antar ƙofofi da tagogi, ina riƙe musu lissafi. Injin yankan da suke amfani da shi ya girmi wasu daga cikin yaran da ke kansa. Mutum biyu ke riƙe katako, na uku yana awo da tef yana sa alama da fensir. An kawo wa mai gidan farashin sabon inji wanda kwamfuta ke sarrafawa, mutum ɗaya zai iya tsayawa a kansa. Ya duba, ya ga da dalar Amurka za a biya, dalar Kanada kuma shekaru ke nan tana yawo wajen santi saba'in da wani abu, ga ruwan bashi ya hau. Sai ya ce a bar shi, a ƙara ɗaukar mutane. Kuma ba a sha wahala ba, ana liƙa talla takardun neman aiki suka cika akwati. A lissafinsa na wannan shekarar bai yi kuskure ba. Amma in masu masana'anta dubbai suka yi irin wannan lissafin, ka ga inda ƙasa za ta tsaya.

Ga kuma man fetur. Yashin nan na lardin Alberta da ake tatsar mai daga cikinsa ya ja jari mai yawan gaske har zuwa 2014. Gangar mai tana sama da dala 100 a tsakiyar shekarar, farkon 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Jarin da ake zubawa a harkar ya ragu fiye da rabi, kuma ba wani sashe da ya cike gurbin. Kuɗin mutane sai ya karkata ga gidaje. Duk wanda ya tara 'yan canji a Toronto ko Vancouver sai ya nemi gida ya saya ya sa haya, don an yi shekaru da yawa farashin hawa kawai ya yi ta yi. Gida kuwa komai tsadarsa ba ya sa ma'aikacin masana'anta ya fitar da ƙofa ɗaya ƙari. Abin da ƙasar ke kashewa a bincike da ƙirƙira bai kai kashi 2 cikin 100 na tattalin arzikinta ba, Amurka ta haura 3. Ƙasar da ta haifi wayar BlackBerry fa ke nan, da kamfanin kayan sadarwa na Nortel da ya durƙushe a 2009.

Sai rashin gasa. Layin waya kamfanoni uku ne suka riƙe kusan duka, Rogers da Bell da Telus, kuma a 2023 Rogers ya haɗiye Shaw. Kada ka haɗa da matar bankin, suna ne kawai ya zo ɗaya. Manyan bankuna ba su wuce shida ba. Wanda ba a bi shi da gudu, me zai sa ya sayi sabon takalmi? Abin da zai ba ka dariya kuma, tsakanin lardunan ƙasar kansu akwai shinge. Dokar babbar mota a wannan lardi daban, ta wancan daban, takardar shaidar sana'a ta nan sai an sake tantance ta a can. Asusun IMF ya taɓa ƙiyasta a 2019 cewa cire waɗannan shingayen kaɗai zai iya ƙara kason kowane ɗan ƙasa a abin da ƙasar ke samarwa da kusan kashi 4 cikin 100. Sai da Trump ya ƙaƙaba musu haraji a 2025 sannan gwamnatin Mark Carney ta yi dokar rage shingayen ɓangaren tarayya a watan Yuni, larduna ma suka fara motsi.

Yanzu maganar baƙi, tunda ni ma baƙon ne. A 2023 jama'ar Kanada ta ƙaru da mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kashi 3.2 cikin 100, rabon da a ga haka tun 1957, kuma mafi yawansu masu zaman wucin gadi ne, ɗalibai da ma'aikata. Ba zan yi maka ƙarya ba, in hannaye suka ƙaru da sauri haka, injuna da gine-gine ba su ƙaru ba, abin da ya faɗa wa kowa na kayan aiki dole ya ragu. Gwamnati ma ta gane, a Janairun 2024 ta sa iyaka a bizar ɗalibai. Amma ka duba shekarun da matar nan ta kawo. Zamewar ta faro tun shekaru da dama kafin waɗannan yaran su sauka a filin jirgi. Kuma wa ya ajiye su a inda suke? Akwai wani bawan Allah da muke sallar Juma'a tare, mai haɗa magunguna ne a ƙasarsu, ya daɗe yana yi. Nan kwali yake ɗauka a sito da dare, da rana yana karatun jarrabawar samun lasisi, kuɗin jarrabawar ma sai da ya yi adashi. Kowace awa da ya yi a siton nan an rubuta ta a lissafin ƙasa a matsayin awar mai ɗaukar kwali. Ita kanta Rogers ta taɓo wannan a jawabinta, cewa ana kawo masu ilimi ana barin ilimin a aljihu.

In ka ce me ya shafi talaka, albashi ne. In albashi ya hau, abin da awa ke fitarwa bai hau ba, kamfani farashi zai ƙara, ƙarin ya dawo kanka a kanti. Shi ya sa babban banki ya sa baki tun farko.

A aikin naka ka raba da awanni, kada ka raba da yawan ma'aikata, don masu aikin rabin rana za su ɓata maka lissafi. Ka faro jadawalin daga baya sosai, ka sa alama a kan 2020 ka yi bayaninta. In ka rubuta ka turo mini ta gefe in duba kafin ka miƙa. A gaida Hajiya da jiki, zan kira bayan an sauko Juma'a.