Ruwa "fola" ne: me za mu ce da Hausa?

Tambaya: Malam, a darasin kemistiri an ce mana ruwa "fola" ne, mai kuwa ba fola ba ne. Mece ce Hausar kalmar?

Amsa: 'Yata, asalinta Girkanci ne, "folos", wato sandar da abu ke juyawa a kanta. Daga nan ta koma nufin ƙarshe biyu masu kishiyantar juna. Akwai masu fassara ta da "mai sanyi", wai don sun tuna ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya. Haba jama'a! Ina ruwan sanyi a nan?

Ni "mai karkataccen caji" nake cewa. Dubi molekul ɗin ruwa, wato mafi ƙanƙantar ɓangarensa: oksijin ɗaya, haidirojin biyu. Oksijin ya fi ƙarfin jan ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da nagatif caji, domin a ma'aunin Linus Pauling yana da 3.44, haidirojin kuwa 2.20. Sai gefen oksijin ya ɗan zama nagatif, gefen haidirojin fozitif. Amma ja kaɗai bai isa ba, sai siffa ta taimaka. Molekul ɗin ruwa a tanƙware yake, kusurwarsa digiri 104.5. Na kabon dayoksaid a miƙe yake sak, oksijin biyu suna ja dama da hagu da ƙarfi ɗaya, babu mai rinjaye, saboda haka ba fola ba ne. Shi ya sa "mai kai biyu" da wasu ke so bai gamsar da ni ba. Karkata ita ce zuciyar maganar, kuma ana auna ta: ta ruwa dibai 1.85 ce, ma'aunin da aka raɗa wa sunan Peter Debye.

Tun da an taɓo ni, a daina kiran molekul "ƙwayar halitta". Wannan sunan na ilimin rayayyun abubuwa ne, kuma ruwan da ke cikin kofi ba shi da rai.

Tambaya: Akwai karin maganar da ta dace da ƙa'idar nan ta cewa abu irinsa yake narkarwa?

Amsa: Sai hali ya zo ɗaya ake abota. Ruwa ya karɓi gishiri, ya ƙi mai.

Tambaya: Ƙanƙara ta narke, gishiri ya narke. Duk ɗaya ne?

Amsa: A baki ɗaya ne, a kimiyya daban. Ta farko zafi ne ya narkar da ita. Na biyu ki cika maganar, ki ce "ya narke cikin ruwa".