Amsoshin Tambayoyinku: Wane Takalmin Birki da Wane Faifai Suka Dace da Motar Zirga-zirgar Yau da Kullum?

Wani malamin makaranta daga Zariya ya aiko da tambaya a kan motarsa Toyota Corolla ƙirar 2010, 'yar Kwatano, wadda yake zuwa aiki da ita kullum, kuma yakan leƙa Kano da ita a ƙarshen wata. Bakanike ya ce masa takalmin birkin gaba ya cinye, da ya je shagon kayan mota aka zube masa kwali uku, ɗaya mai araha ƙwarai, ɗaya matsakaici, ɗaya kuma an ce masa na seramik ne, kuɗinsa ya kusa ninka na tsakiyan. Yana son ya san ko tsadar tana nufin ƙarin tsaro.

Malam, tsada ita kaɗai ba ta nuna cewa mota za ta fi saurin tsayawa, domin abin da ake sayarwa da sunan seramik an yi shi ne musamman don rage ƙara da rage baƙar ƙurar da ke ɓata ƙafar mota. Takalmin birki, wanda makanikai ke kira fad, faranti ne na ƙarfe da aka manna masa wani haɗi mai kauri, kuma wannan haɗin ne yake matse faifan da ke juyawa tare da taya, ya mayar da gudun mota ya zama zafi. Akwai haɗin da aka yi da zare da roba da ƙaro, wanda yake da laushi da shiru amma yana saurin cinyewa, kuma ba ya jure zafi mai yawa. Akwai mai garin ƙarfe a ciki, wanda yake kamawa da kyau ko da ya ɗauki zafi, sai dai yakan yi ƙara, yana zubar da ƙura, kuma yana cin faifai fiye da sauran. Sannan ga na seramik ɗin, wanda yake tsakanin biyun wajen jure zafi, ya kuma fi su tsabta. Ga motar da ba ta ɗaukar kaya masu nauyi, wadda aikinta bai wuce makaranta da kasuwa da titin Zariya zuwa Kano ba, na seramik na gaskiya da mai garin ƙarfe na gaskiya duk za su yi maka aiki lafiya. Matsalar da ta fi damuna ita ce kalmar nan ta "gaskiya", domin rubuta seramik a jikin kwali ba ya cin ko sisin kwabo.

Saboda haka ina ba ka shawara ka rage kallon sunan haɗin, ka ƙara kallon wanda ya ƙera shi. Kamfanonin mota ba su ne suke yin takalmin birki da kansu ba, saye suke yi daga masana'antun da suka ƙware a kai, irin su Akebono da Advics na Japan, ko TRW da ATE da Textar da Ferodo da Brembo na Turai, kuma waɗannan masana'antun suna sayar da kayansu a cikin nasu kwalin a farashin da bai kai na mai tambarin kamfanin motar ba. A nan ne mai matsakaicin ƙarfi yake samun sauƙi ba tare da ya sayar da ransa ba. Idan kayan na kasuwar Turai ne, duba bayan farantin, za ka ga harafin E da lamba a cikin da'ira, sai 90R da wasu lambobi a gefensa. Wannan shaida ce ta ƙa'idar da ake kira R90, wadda ta wajabta cewa takalmin canji kada kamunsa ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, ko sama ko ƙasa, ta kuma wajabta a rufe kwalin ta yadda za a gane idan an taɓa buɗe shi. Lambar da ke kusa da E ƙasar da ta ba da shaidar take nunawa, misali 1 Jamus ce, 2 Faransa, 3 Italiya, 11 kuma Birtaniya. Kayan kasuwar Amurka kuwa sukan zo da haruffa biyu a gefe ko a baya, kamar FF ko GG ko EF, na farko yana nuna ƙarfin kamu lokacin da birki bai ɗauki zafi sosai ba, na biyu kuma bayan ya yi zafi. Harafin E yana nufin ma'aunin kamu tsakanin 0.25 da 0.35, F tsakanin 0.35 da 0.45, G kuma daga 0.45 zuwa 0.55. Ga mota irin taka FF ya wadatar, kuma idan ka ga FE, ka sani cewa kamunsa yana raguwa idan ya ɗauki zafi.

Masu jabu ma sun iya buga waɗannan alamomi, don haka kada ka tsaya a kansu kaɗai. Riƙe takalmin a hannunka ka duba: rubutun da ke goge da yatsa, da fentin da ya malale har kan fuskar da ke taɓa faifai, da tsaga a inda haɗin ya manne da farantin, da rashin siraran farantan nan da ake liƙawa a baya don hana ƙara, duk alamu ne na kayan da ba a kashe musu kuɗi ba. Mai araha ƙwarai ɗin nan da aka nuna maka, ni dai ba zan saka shi a motar da nake ɗaukar iyalina ba, domin mafi munin abin da jabun takalmi yake yi shi ne haɗin ya ɓalle daga farantinsa a lokacin da aka taka birki da ƙarfi. Kuma kafin ka biya, tafi da tsohon da aka cire ko lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, saboda Corolla ta kasuwar Amurka da ta kasuwar Turai ba lallai ne su yi tarayya a kayan birki ba ko da shekararsu ɗaya. Yawancin ta Amurka ta wannan shekarar ma diram ne, wato birki mai kwano wanda takalmi ke matsawa daga ciki, a ƙafafunta na baya, ba faifai ba.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce ma'aikaciya a Kaduna, mai Honda Accord, wadda ta ce sitiyari yana karkarwa a hannunta duk lokacin da ta taka birki tana gudu a babban titi. Wani bakanike ya ce a kai faifan a goge shi a inji, wani ya ce a sayi sabo, ɗanta kuma ya dage cewa a sayi mai huje-huje irin na motocin tsere.

Hajiya, gardamar makanikan nan biyu ba da baki ake raba ta ba, da awo ake raba ta. Kowane faifan birki yana da mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a yi aiki da shi, kuma an buga shi a jikinsa, ko a bakin da'irar ko a cibiyarsa, da haruffan MIN TH sai lamba a milimita. Tazarar da ke tsakanin kaurin sabon faifai da wannan iyaka yawanci ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, wato abin da ido ba zai iya yanke hukunci a kansa ba. A sa ma'aunin kauri a gwada a wurare da yawa a kewayen faifan, nesa da tudun nan da ke fitowa a bakinsa. Idan bayan an goge zai rage sama da iyakar da rata mai kyau, gogewa ta halatta kuma za ta rage miki kashe kuɗi. Idan kuwa yana dab da iyakar, ko akwai tsaga, ko zurfafan layuka da farce ke maƙalewa a ciki, to kuɗin gogewar asara ne, domin siririn faifai ba shi da naman da zai shanye zafi, kuma karkarwar za ta dawo ba da jimawa ba.

Abin da mutane ke kira lanƙwashewar faifai sau da yawa ba lanƙwasa ba ce, bambancin kauri ne kaɗan tsakanin wani ɓangare da wani, kuma yakan samo asali daga yadda aka ɗaura shi. Idan aka ɗora faifai a kan cibiyar da tsatsa ta kama ba tare da an kankare ta ba, ko aka ɗaure notocin taya da ƙarfin tsiya, wani ya fi wani, kamar yadda ake yi a gefen titi da dogon bututu a jikin sifana, faifan zai zauna a karkace, ya riƙa gogar takalmi a waje ɗaya har ya cinye ba daidai ba. Wannan ne ya sa wasu ke sayen sabo, bayan 'yan watanni su koma inda suka fito, su ɗora laifin a kan mai shago. Ki sa a kankare cibiyar har ta yi haske, a wanke man kariyar da sabon faifai ke zuwa da shi, a ɗaure notocin bi da bi ana tsallake na kusa, da ma'aunin ɗauri idan garejin yana da shi.

Game da shawarar ɗanki, ki ba shi haƙuri. Faifai mai huje-huje yana da kyan gani a bayan ƙafar alminiyam, amma ramukan suna rage ƙarfen da ke ɗaukar zafi, kuma a masu araha daga bakin ramukan tsaga take farawa. Mai tsage-tsage kuma yana kankare takalmi da sauri. A hanyoyinmu masu yashi da ƙurar hunturu da taɓon damina, ramukan cikewa suke yi. Faifai mai sumul na zubin ƙarfe, mai iska a tsakiya kamar wanda motar ta zo da shi a gaba, shi ne daidai, kuma tun watan Nuwamba na 2016 ƙa'idar R90 ta haɗa har da faifai da diram na sababbin motoci a Turai, don haka za ki iya neman alamar a jikinsa. A canza na dama da na hagu tare, a kuma saka sabon takalmi, domin tsohon ya riga ya ɗauki siffar tsohon faifai.

Wani direban haya da ke bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya ce duk sanda ya gangaro Hawan Kibo da cikakken lodi yana jin ƙaurin birki, wani lokaci kuma feda tana nutsewa, ya tambaya ko akwai takalmin da zai magance wannan.

Direba, kai ne mutum ɗaya a cikin masu tambayar yau da zan ce lallai ya nemi mai garin ƙarfe daga kamfanin kirki, ya haƙura da ƙararsa da ƙurarsa. Amma abu biyu ka haɗa a tambayarka. Idan feda tana da tauri motar kuma ta ƙi tsayawa, takalmin ne ya yi zafin da ya wuce ƙarfinsa. Idan kuwa feda ta yi laushi ta nutse, man birki ne ya tafasa, kuma babu takalmin da zai gyara wannan. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna zuƙar danshi daga iska a hankali. Bisa ƙa'ida sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa iyakar takan sauko zuwa wajen 155, na DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a zubar da shi gaba ɗaya a zuba sabo duk shekara 2, ba a riƙa ƙara masa kawai ba kamar yadda aka saba. Kada a haɗa su da DOT 5, wanda na silikon ne. Sannan ka sa giya mai nauyi tun daga saman gangaren inji ya riƙe motar, ka riƙa taka birki da ƙarfi kana saki maimakon ka ɗora ƙafa a kansa har ƙasa, domin ninka gudu sau biyu yana ninka zafin da birki zai shanye sau huɗu.

An kuma tambaye ni ko za a iya sayen takalmi da faifai na hannu, irin waɗanda ake cirowa daga motocin da aka farfasa ana sayarwa a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Faifai na hannu zai yiwu idan an auna shi kuma babu tsaga ko tsatsa mai zurfi. Takalmi kuwa a'a, domin ba ka san zafin da ya sha ko man da ya zuba masa ba, kuma sabo yana zuwa da kaurin milimita 10 zuwa 12 ne, ana son a canza shi idan ya sauko wajen 3, don haka rabin rayuwarsa kake saye.

Ta ƙarshe daga wani magidanci ce a Katsina, wanda ya saka sabon takalmi mai tsada amma birkin yana kuka, kuma yana ganin kamar bai kai tsohon kamawa ba. Alhaji, kada ka yi saurin mayar da shi shago. Sabon takalmi yana buƙatar ya zauna da faifai, ya shafa masa siririn haɗinsa a ko'ina daidai, kuma hakan yakan ɗauki kilomita 200 zuwa 300 na tuƙi cikin natsuwa. Ka sami hanya marar cunkoso, ka rage gudu daga kamar 60 zuwa 20 sau takwas ko goma ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka ci gaba da tafiya birkin ya huce. Idan kukan bai daina ba bayan haka, koma wurin bakaniken ka tambaye shi ko ya mayar da siraran farantan baya, ko ya wanke sandunan nan biyu da maƙallin birki ke zamewa a kansu ya shafa musu man silikon. Man giris na yau da kullum yana kumbura robar da ke rufe su, sandan ya maƙale, takalmi ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa da kauri. Idan an buɗe aka tarar da ƙura, a wanke ta da ruwan wankin birki, kada a hure ta da iskar famfo, saboda wasu takalma marasa asali har yanzu suna ɗauke da asbestos, wanda shaƙarsa ke lalata huhu. Kuma duk ranar da aka taɓa birkin, ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri tun motar tana tsaye a gareji, kafin ka sa giya.